Yadda Ake Haɗa Abincin Kwaikwayo da Soso: Burodi, Ƙosai, Waina, Tsire, Tuwo da Kek

Abincin gaske ba ya jure zaman jira. Idan aka ajiye farantin tsire a gaban kyamara tun hantsi, kafin azahar man ya daskare, albasar ta yi yaushi, ƙuda sun taru a kai. Waina ma rabin awa ya isa ta saki jiki. Shi ya sa masu shirya fim da wasan kwaikwayo, da malaman firamare masu koyar da rukunonin abinci, da masu shagon da ke son jera samfuri a bayan gilashi, suke neman abincin da ba ya lalacewa. Masu kek ɗin biki sun daɗe da sanin wannan dabara: hawa biyar da ake gani a wurin dina, sau da yawa ɗaya ko biyu ne kaɗai na ci, sauran farin soso ne aka lulluɓe.

A Japan abin sana'a ce mai zaman kanta. Takizo Iwasaki ya kafa kamfaninsa a Osaka a 1932 yana yin samfurin abinci da kaki, daga baya masu sana'ar suka koma roba, kuma har yau garin su Iwasaki, Gujo Hachiman, ya yi suna da wannan aiki. Su ainihin abincin suke ɗaukar siffarsa su zuba roba a ciki. Aikin soso ya fi wannan sauƙi da arha, amma akwai abu ɗaya da ya kamata ka ɗauka daga wurinsu: kada ka fara sai ka ajiye abincin gaske a gabanka. Sayi ƙosai uku, ka raba ɗaya biyu, ka zuba masa ido. Wanda ya yi ƙosai daga abin da ya tuna, ƙwallo mai launi ɗaya zai yi. Ainihin ƙosai kuwa yana da launi uku ko huɗu, da 'yan ƙahonni inda ƙullu ya ɗiga a mai, da gefe ɗaya da ya fi ɗaya soyuwa. Ido ba ya tsananta wa siffa, domin abinci ba shi da siffa guda. Abin da yake kamawa nan take shi ne fatar abu: kaushinta, hawan launinta, da inda take ƙyalli.

Sanin soso

Abubuwa huɗu ne ake kira soso a wannan aiki, kuma halinsu ya sha bamban.

Na farko soson katifa da kujerun kushin. Yana da taushi, ramukansa a buɗe suke, yana shan ruwa. Shi ne na burodi da waina da duk abin da ake so ya lotsa idan an taɓa. Wurin masu kujeru za ka sami guntayensa da arha. Zaɓi fari ko ruwan madara, mai ƙananan ramuka. Shuɗi ko ruwan hoda zai wahalar da kai wajen rufe launinsa.

Na biyu farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tokare firiji ko talabijin da shi a cikin kwali. Ba shi da nauyi, yana riƙe siffa, shi ne na kek da malmalar tuwo da kankana. Matsalarsa biyu ce: ƙwayoyinsa suna bayyana ta ƙarƙashin fenti, kuma yana narkewa da zarar ya haɗu da fetur, tina, asiton, fentin feshi, sufa-gulu ko gam ɗin masu gyaran takalmi. Akwai ɗan'uwansa mai santsi wanda ba shi da ƙwaya, shuɗi ko ruwan hoda, da ake sa wa gini don tare zafi. Ya fi daɗin sassaƙa, amma abin da ke narkar da wancan yana narkar da shi.

Na uku soson silifas da tabarmar wasan yara, wanda ake kira EVA. Yana da tauri, yana lanƙwasa idan ya ji zafi, kuma ya tsaya a yadda aka lanƙwasa shi bayan ya huce. Nama, yankan tumatir da ganye duk da shi ake yi. Shagunan kayan takalmi suna sayar da shi falle-falle, daga kaurin milimita 2 zuwa 10.

Na huɗu soson gwangwani, wanda masu kafa ƙofa da taga da na'urar sanyaya ɗaki suke fesawa don toshe rami. Yana fita kamar kumfa, ya kumbura ninki biyu ko uku, ya bushe. Fatarsa da ramukan cikinsa sun yi kama da soyayyen ƙullu, don haka shi ne na ƙosai da fanke.

Sauran kayan aiki: wuƙar yanka kwali mai reza da ƙarin rezoji da yawa, wuƙar burodi mai haƙora, ƙaramin almakashi, hantsaki, sanfefa mai kaushi da mai laushi, farin gam na kafinta irin su Top Bond, bindigar gam ɗin kyandir, fentin akirilik mai haɗuwa da ruwa, banish na ruwa mai ƙyalli da marar ƙyalli, buroshi biyu ko uku, tsohon buroshin haƙori, takardar tishu, garin katako da aka tankaɗe a rariya, da bututun abin toshe tsagar bango na akirilik. Wannan na ƙarshe ka duba shi da kyau kafin ka biya kuɗi. Akwai na silikon mai warin binega, kuma fentin akirilik ba ya kama shi ko kaɗan, zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wanda ake wanke hannu da ruwa bayan an yi aiki da shi, shi ne naka.

Yanka, liƙi da share fage

Reza mai kaifi ita ce rabin aikin. Farin soso yana dakushe reza da sauri fiye da yadda mutum zai zata, kuma dakusasshiyar reza tana fizge ƙwayoyi ne ta bar rami. Da ka ji ta fara ja, karya bakinta ko ka canza. Kada ka danna, ja ta a kwance sau uku ko huɗu har ta ratsa. Soson katifa kuwa da wuƙar burodi ake yanka shi, ana kai da komo a hankali ba tare da matse shi ba. Idan ka matse shi ka yanka, yana sakewa za ka ga gefen ya karkace. Zagaye da ƙananan gyare-gyare da almakashi ake yi, tsinke kaɗan-kaɗan.

Waya mai zafi tana yanka farin soso tsaf, a wuri mai iska. Amma kada ka kusantar da ita, ko wani ƙarfe mai zafi, ga soson katifa ko na gwangwani. Hayaƙinsu guba ne sosai. Duk lokacin da za ka goga sanfefa sa takunkumi, kuma ka yi aikin a waje ko kusa da taga.

Wajen liƙi, farin gam ba ya cutar da kowane soso, sai dai yana buƙatar iska kafin ya bushe. Idan ka shafa shi tsakanin manyan fale-falen farin soso biyu, gefe zai bushe, tsakiya ta kwana uku da danshi. Shafa shi siriri, jira minti biyar ya fara danƙo, haɗa, sannan ka soka tsinken sakace huɗu ko biyar a karkace su riƙe. Gam ɗin kyandir yana kamawa nan take amma zafinsa yana huda farin soso. Matsa shi a kan guntun kwali tukuna, ƙirga biyar, sannan ka kai shi. Ga EVA, gam ɗin masu takalmi ya fi komai: shafa a fuska biyu, jira har ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa sau ɗaya, domin ba a gyarawa.

Matakin da masu gaggawa suke tsallakewa shi ne share fage kafin fenti. Farin soso da na gwangwani da EVA duk suna buƙatar a rufe su. Haɗa farin gam kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, shafa sau uku, kana barin kowace shafa ta bushe. Da hunturu minti ashirin zuwa talatin ya isa, da damina ka ba ta awa ɗaya ko fiye. Ga farin soso mai ƙwaya, gam kaɗai ba ya ɓoye ƙwayoyin. Yayyaga tishu ƙanana, raba shi falle ɗaya-ɗaya, ka liƙa a jiki da wannan ruwan gam har hawa biyu. Yaga shi da hannu, kada ka yanka da almakashi, domin gefen da aka yaga yana nutsewa, wanda aka yanka kuwa yana barin layi.

Launi

Da fari, rawaya, ja, shuɗi da ruwan ƙasa mai duhu za ka haɗa kusan duk abin da ake soyawa ko gasawa. Ruwan zuma na soyayyen abu: rawaya kashi huɗu, ja kashi ɗaya, ruwan ƙasa rabin kashi. Launin cikin burodi: fari kashi goma, rawaya kashi ɗaya, da ɗigon ruwan ƙasa. Ka nisanci baƙi. Yana kashe launin abinci ya mayar da shi toka-toka kamar abin da ya kwana a rana. Idan kana son duhu, ƙara ɗan shuɗi a cikin ruwan ƙasa.

Ƙa'idar ita ce a bi yadda wuta ta bi: a fara da launi mafi haske a rufe ko'ina, sannan a riƙa hawa da masu duhu a wuraren da suka fi taɓa mai ko garwashi, kowane hawa ya fi na baya ƙanƙanta. Da guntun soso ake dangwala fentin, ba a jan sa da buroshi, saboda layin buroshi shi ke fara tona asirin aiki. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka tsaya tun yana da ɗan haske fiye da abin da kake so.

Burodi

Yanki soson katifa mai faɗin santimita 10 da tsawo 11, kauri santimita ɗaya da rabi. Zana siffar yankan burodi da fensir, kana kwaikwayon na gaske, har da kafaɗun nan biyu na sama da ɗan lotsawar gefe. Bayan ka yanka, ɗauki hantsaki ka riƙa tsinke ramuka a fuska biyun. Kada su zo daidai: da yawa ƙanana kamar ƙwayar gero, kaɗan kamar wake, ɗaya ko biyu dogaye. A burodin gaske ramukan sun fi girma a tsakiya, suna matsewa kusa da ɓawo.

Ba a shafa wa cikin burodi fenti, rina shi ake yi. Zuba cokalin shayi ɗaya na launin cikin burodi a ruwa cokali goma, tsoma soson, matse shi a ciki sau da yawa, fitar da shi ka matse sosai a tsumma, ka shanya a inuwa a kan raga. Idan ka shanya shi a kwance a kan leda, launin zai taru a ƙasa ya yi dabbare-dabbare. Fenti mai kauri kuwa yana toshe ramukan ya mayar da soson kamar allo.

Ɓawon shi ne gefen. Shafa abin toshe tsaga na akirilik siriri da jiƙaƙƙen yatsa, kamar kaurin milimita ɗaya, a zagaye gefen duka, ka bar shi ya ɗan hau fuskar da milimita biyu. Ya fi farin gam a nan domin yana lanƙwasa, gam kuwa yana tsagewa da zarar an matsa burodin. Bayan awa huɗu zuwa shida, dangwala ruwan zuma mai haske, sannan mai duhu a saman kan burodin kawai. Gindi da gefe sun fi haske, domin suna cikin gwangwanin gashi. Banish marar ƙyalli a gefe, ɗan mai ƙyalli a sama. Kada banish ya taɓa cikin.

Ƙosai da waina

Shimfiɗa leda mai kauri, domin soson gwangwani ba ya kama leda. Sa safar hannu da tabarau da tsofaffin kaya, abin da ya bushe a tufa ba ya fita. Girgiza gwangwanin na minti ɗaya, kifa shi, ka fesa 'yan dunƙule kamar girman goro, santimita goma tsakanin kowane biyu. Za su kumbura su kai santimita huɗu zuwa biyar, girman ƙosai ke nan. Wannan soso da danshin iska yake bushewa. Da hunturu, yayyafa ruwa a ledar kafin ka fesa, ka sake fesa ɗan ruwa a kansu. In ba haka ba, waje zai bushe, ciki ya zauna da danƙo, washegari ka tarar sun shanye sun yamutse. Babban dunƙule ma haka yake yi, shi ya sa ba a fesa mai kauri a tashi ɗaya.

Bayan kamar minti goma fatar za ta daina kama yatsa. A wannan lokacin jiƙa safar hannunka ka ɗan danna kowanne ya baje, ka ja gefe ɗaya ko biyu da tsinke su yi ƙaho. Bar su su kwana. Ƙasan da ya zauna a leda zai fito sumul, sai ka kankare shi da sanfefa mai kaushi. Shafa ruwan gam, kuma tun shafa ta biyu tana da danshi ka barbaɗa ɗan garin katako mai laushi, shi zai ba da kaushin nan na soyayyen wake. Fenti hawa uku: rawaya mai haske ko'ina, ruwan zuma a kashi biyu cikin uku na jiki, ruwan ƙasa mai ja a kan ƙahonni da tudu. Ka raba guda ɗaya biyu da hannu, ka rina cikinsa ruwan madara, ka ɗiga ja da kore ƙanana da bakin tsinke a matsayin attaruhu da albasa. Wannan rababben guda ɗaya a saman faranti yana sa ido ya yarda da sauran duka.

Waina da soson katifa ta fi kyau. Yanki da'ira mai faɗin santimita 7 zuwa 8, kauri 3, ka rage gefen da almakashi har ta yi tudu a tsakiya ta sirance a baki, fuska ɗaya ta fi ɗaya tudu kamar yadda ramin tanda ke bayarwa. Rina ta fari mai ɗan ruwan madara. Shafa abin toshe tsaga siriri a fuska biyun, amma ka bar bakin da ramukansa a buɗe, har ka ƙara wasu da tsinke. Soyuwar waina ba ta rufe ko'ina: tsakiya ruwan zuma ce, tana dusashewa zuwa fari kafin baki, sai kuma siririn zobe mai duhu a can gefe inda mai ya taru. Banish mai ƙyalli da aka tsinka da ruwa rabi da rabi ya isa, domin waina maiƙo take yi, ba walƙiya ba.

Tsire

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Nemi EVA mai kaurin milimita 5 ko 6. Yanki guntaye kamar santimita 3 da 5, kada biyu su zo iri ɗaya, kuma ka kwantar da rezar a karkace domin bakin ya sirance kamar yadda mahauci ke feɗe nama. Goga sanfefa mai kaushi a hanya ɗaya don fitar da zaren nama, ka ƙara 'yan tsagogi marasa zurfi da reza a wannan hanyar. Sai ka hura musu zafi da bindigar zafi, ko ka riƙe su da hantsaki can sama da murhu na 'yan daƙiƙoƙi, a waje. Tsagogin za su buɗe, soson ya yi laushi. Murɗa shi, lanƙwasa shi, riƙe har ya huce. Naman da ya gasu ba ya kwanciya shimfiɗe, yana tattarewa ne a jikin tsinke. Soka guda huɗu ko biyar a ainihin tsinken tsire, suna hawa kan juna, ka ɗiga gam a inda suka haɗu.

Bayan shafa ruwan gam sau uku, fentin farko ruwan ƙasa ne mai ja. A cikin tsagogi zuba mai duhu da aka tsinka da ruwa sosai, ka goge saman da tsumma, duhun ya zauna a ramuka kawai. Gefuna da suka ƙone su sami ruwan ƙasa da shuɗi. Guntu ɗaya a kowane tsinke ka mayar da shi kitse: ruwan madara mai rawaya, da ƙyalli sosai. Shi ma tsinken ka ɗan baƙanta shi kusa da naman.

Yajin shi ke kammala tsire, kuma kada ka yi shi da ainihin ƙuli-ƙuli. Ko ka rufe shi da banish, man gyaɗar zai yi wari, tururuwa da ɓera su gano shi, da damina kuma ya yi fumfuna. Ɗauki garin katako rabin gwangwanin madara, zuba masa ruwan fenti cokali biyu, na rawaya da ɗan ja da ruwan ƙasa, murza da hannu har ya shiga, shanya, sake tankaɗewa. Yi kashi biyu, ɗaya mai haske ɗaya mai ja, ka gauraya su sama-sama. Shafa gam a kan naman a wasu wurare, barbaɗa, jira ya bushe, kaɗe ragowar. Bar wasu wuraren babu yaji, a nan za ka ɗiga banish mai ƙyalli a matsayin mai. Yajin kansa ya zauna a bushe. Wannan bambanci tsakanin busasshen yaji da naman da ke naso shi ne abin da ido ya sani da tsire. Idan ka shafe duka da ƙyalli, abin wasan yara zai zama.

Albasa: yanki siraran zobba daga farar robar kunun aya ko ta yogot mai ɗan shigar haske, ka ja siririn layin ruwan hoda mai duhu a bakin waje. Tumatir: EVA mai milimita 4, a rarake ɗakunan 'ya'ya da reza, a cika su da farin gam da aka sa wa ɗigon ja da rawaya, wanda zai bushe garai-garai. Naɗe rabin tsiren a takarda, ka ɗiga banish a takardar ya yi tabon mai.

Tuwo da miya

Sassaƙa farin soso ya zama malmala mai faɗin santimita 10 zuwa 12, ƙasanta a baje. Goge da sanfefa mai laushi, rufe da tishu da gam. Sai ka shafa abin toshe tsaga da aka gauraya da farin fenti, kaurin milimita biyu, ka naɗe ta da jiƙaƙƙiyar leda ka ɗan matsa, ka cire a hankali. Ledar za ta bar 'yan layukan nan da ake gani a tuwon da aka ƙulla a leda. Idan na shinkafa ne, dangwala buroshin haƙori a jiki kafin ya bushe don ya yi ɗan burtsi-burtsi. Na masara ya fi santsi. Gutsure gefe ɗaya tun kafin ka rufe, inda aka yanki loma.

Kada ka cika kwano da ruwan miya na kwaikwayo. Yanki farin soso ya cike kwanon saura santimita ɗaya, liƙa shi, toshe gefen, sannan ka zuba miyar a sama. Haɗinta: abin toshe tsaga babban cokali huɗu, farin gam cokali biyu, ruwa cokali ɗaya, da fenti. Miyar kuka kore ce mai duhu da ta karkata zuwa ruwan ƙasa, taushe kuwa ruwan goro ce da guntayen koren leda a matsayin alayyafo. Farin haɗin yana hasken launi tun yana ɗanye, don haka gwada a guntun kwali ka bari ya bushe kafin ka yanke hukunci. Zuba hawa biyu, kowanne bai wuce milimita huɗu ba. Mai kauri yana bushewa a sama ya tsage. Dasa guntayen nama na EVA tun hawa na biyu yana ɗanye, rabinsu a nutse. Bayan kwana biyu, shafa banish mai ƙyalli sau biyu, ka ɗiga wanda aka sa wa ja da rawaya a gefen kwano inda manja ke taruwa. Masu amfani da ifoksi, wato ruwan roba garai-garai mai daskarewa, suna samun ƙyalli mafi zurfi, amma yana ɗaukar zafi idan yana daskarewa. Zubin da ya wuce santimita ɗaya zai iya narkar da soson da ke ƙarƙashi, musamman idan ba a rufe shi da kyau ba.

Kek

Kek ya fi duka sauƙi. Jera fale-falen farin soso su kai tsayin santimita 10, faɗi 20, ka goge gefen ya daidaita. Kirim ɗin: hodar masu fenti wadda ake shafe bango da ita kofi ɗaya, farin gam babban cokali uku, farin fenti cokali ɗaya, ruwa kaɗan-kaɗan har cokali ya tsaya a ciki bai faɗi ba. Shafa da wuƙar kek hawa biyu, kowanne milimita uku. Don ado, zuba shi a ledar matsa kirim da bakin ƙarfe irin na masu kek, wanda ba zai sake komawa kicin ba. Idan da garin POP ka yi, kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin cikin kamar minti goma zai fara kamewa a hannunka, kuma ya fi saurin ɓallewa idan an buge shi. Yankan kek da ake ganin cikinsa da soson katifa ake yi, a rina shi rawaya mai haske ko ruwan cakulan, a raba shi hawa biyu a sa kirim a tsakani.

Nauyi, gwaji da ajiya

Abin da ke tona asirin abincin soso a fim shi ne rashin nauyi. Ɗan wasa zai ɗaga kwanon tuwo kamar ya ɗaga hula, iska kuma ta ture ƙosai daga faranti. Tun kafin ka rufe jiki, huda ƙasan ka cusa nati na ƙarfe ko ƙaramin dutse, ka toshe da gam. Nati ɗaya ya isa ƙosai, malmalar tuwo tana son dutse kamar girman ƙwai. Waɗanda ba za a ɗaga ba, liƙa su a farantin.

Kafin ka ce ka gama, ajiye naka kusa da na gaske a hasken da za a yi amfani da shi, ka ɗauki hoto da waya. Hoto yana nuna abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. Idan naka ya fi ƙyalli, shafa banish marar ƙyalli. Idan launinsa ya zo bai ɗaya, tsinka ruwan ƙasa da ruwa, tsoma buroshin haƙori, ka ja yatsa a kansa ya watsa ƙananan ɗigo. Idan fenti yana ɓarewa, ko an tsallake share fage ne ko an yi amfani da silikon. Idan jikin yana kama yatsa bayan kwana biyu, an yi banish tun fentin ƙasa bai bushe ba, sai ka bar shi a wuri mai iska na mako guda kafin ka sake taɓa shi.

Duk waɗannan sosuna suna kamawa da wuta da sauri, don haka a nisanta su da murhu, kyandir da fitilar ɗaukar hoto mai zafi. Farin soso yana fara lotsewa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, kuma motar da aka rufe a rana tana iya lanƙwasa tsiren EVA. Rana kai tsaye tana mayar da soson katifa da na gwangwani rawaya, ta sa su riƙa marmashewa. Ajiye kowane abu a kwali mai murfi, da takarda tsakaninsu, domin fuska biyu masu banish suna mannewa da juna a lokacin zafi. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta, ba a wankewa. Rubuta "ba na ci ba ne" a ƙasan kowane faranti, kuma inda akwai ƙananan yara a ɗora kwalin can sama, domin ƙosan da ya yi kyau yaro zai kai shi baki, ga kuma nati a cikinsa.